Darasi na 7: Shimfiɗar Fuska

Ku tuna ranar da kuka fara zuwa wannan aji. Wasu sai da suka yi jim a bakin ƙofa kafin su yi sallama, don ba ƙaramin abu ba ne magidanci mai iyali, ko uwa mai jikoki, su zauna a benci su kama fensir. Kafin ku dubi allo, fuskar malami kuka fara duba, sannan fuskokin waɗanda suka riga ku zama. Wanda ya tarar da fuskoki a sake ya samu wuri ya zauna, washegari ma ya dawo. Da a ɗaure ya same su, mai yiwuwa da yau ba ya cikinmu. Kakanni sun riga sun faɗa: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

A wannan darasi za mu duba yadda murmushi ke faruwa a fuska, da abin da yake yi wa jiki da inda ƙarfinsa ya tsaya, da amfaninsa tsakanin mutum da mutanensa. Za mu kuma koyi yadda murmushi kan nuna cewa wani yana bukatar asibiti cikin gaggawa.

Murmushi da yaƙe

Murmushi motsin leɓe ne ba sauti. In sauti ya fito, ya zama dariya. Fara'a kuwa hali ce, shi ya sa ake cewa wance mai fara'a ce ko da a lokacin ba ta murmushi. Sakin fuska shi ne abin da kake yi wa wanda ya nufo ka. Sai kuma yaƙe: baki a buɗe, haƙora a waje, zuciya tana ƙuna, wanda ake cewa ya fi kuka ciwo. A ɗaya gefen muna da ɗaure fuska, haɗe rai, shan kunu, shan mur, haɗe girar sama da ta ƙasa. Mutanen da suka tara kalmomi haka a kan abu ɗaya sun daɗe suna karatun fuska.

Bambancin nan tsakanin murmushi da yaƙe, wani likita ɗan Faransa mai suna Guillaume Duchenne ya gano tushensa a cikin naman fuska. Yana aiki a birnin Paris, yakan ɗora wa mutane 'yar wutar lantarki mara ƙarfi a wurare daban-daban na fuska, ya ga wace tsoka ce ta motsa, ya ɗauki hoto. A 1862 ya buga sakamakon aikinsa. Ya nuna cewa akwai tsokar da ta taso daga ƙashin kunci ta sauko gefen baki. Ita ke jan leɓe sama, kuma kowa yana iya motsa ta duk sa'ad da ya ga dama. Akwai wata kuma da ta zagaye ido kamar zobe. Idan ta motsa, kumatu su ɗago, ido ya ƙanƙance, fatar gefensa ta tattare. Wannan ta biyun tana da wuyar motsawa da gangan. Yawanci sai farin ciki ya zo daga ciki take tashi. Har yau masana suna kiran murmushin da ya kai ga ido da sunan wannan likita.

Kun san wannan tun kafin a gaya muku. A 2020, lokacin annobar korona, da aka rufe baki da hanci da takunkumi, ba mu daina gane wanda ke murna da ganinmu ba. Haka matar da ke sanye da niƙabi, ƙawarta tana ganin murmushinta a ido. Ko a waya ma ana jin sa, domin idan leɓe ya ja baya, amon murya yakan canza.

Ba koya wa mutum murmushi ake yi ba, da shi ake haifarsa. Charles Darwin na Ingila ya kawo wannan ra'ayi a littafinsa na 1872, har ya yi amfani da hotunan Duchenne. Wajen ƙarshen shekarun 1960, masanin halayyar ɗan Adam Paul Ekman ya je tsaunukan Papuwa Niugini wurin ƙabilar Fore, waɗanda a lokacin ba su cika cuɗanya da baƙi ba. Ya nuna musu hotunan fuskokin Turawa, suka ware ta mai farin ciki ba wahala. Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce ta makafi. A wasannin 2004 na birnin Atina a ƙasar Girka, an ɗauki hotunan 'yan kokawar judo, masu gani da makafi, a daidai lokacin da aka gama karawa. Masu bincike suka kwatanta hotunan, suka ga makahon da aka haifa da makanta, wanda bai taɓa ganin fuskar kowa ba, yana murmushin nasara iri ɗaya da mai ido. Abin mamaki kuma, waɗanda suka sha kaye a wasan ƙarshe, makafi da masu gani, da aka zo rataya musu lambar azurfa yawancinsu yaƙe suka yi.

Jariri da kwana arba'in

Sabon jariri kan yi murmushi cikin barci, har wasu tsofaffi su ce mala'iku ne ke yi masa wasa. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin motsin da ke zuwa da kansa. Murmushin da ake jira shi ne wanda jariri zai dubi fuskar uwarsa ya mayar mata, kuma yakan zo ne tsakanin mako 6 zuwa 8. Ku lissafa: kwana arba'in mako shida ne ba kwana biyu. Wato daidai lokacin da maijego ke gama wanka tana shirin yawon arba'in, a nan ne ɗanta ke fara amsa fuska da fuska. Bakwaini yakan ɗan yi jinkiri, don nasa lissafin daga ranar da ya kamata a haife shi ake farawa. Idan jariri ya wuce wata uku ba ya kallon fuska, ba ya mayar da murmushi, a gaya wa ma'aikaciyar lafiya ranar allurar riga-kafi ta mako 14, a duba idonsa da girmansa.

A 1975 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya gabatar da wani gwaji mai sauƙi mai kuma taɓa zuciya. Uwa za ta zauna tana wasa da jaririnta, suna murmushi suna gwaranci. Sai a ce ta tsayar da fuskarta cak na 'yan mintuna, ba fushi, ba fara'a, kallo kawai. Jaririn yakan fara da yi mata murmushi don ya dawo da ita. In bai samu amsa ba ya miƙa hannu, ya yi ƙara, ya banƙare. Daga nan ya kau da kai ya fashe da kuka. Da uwar ta saki fuska, a hankali ya huce su ci gaba da wasa. An maimaita wannan gwaji sau da yawa a ƙasashe daban-daban, abin da ake gani ke nan. Jaririn bai ji yunwa ba, ba a buge shi ba, fuska kawai aka hana shi.

Wannan ya shafe mu kai tsaye ta hanya biyu. Ta farko, kunyar ɗan fari. A gidaje da yawa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban surukai. Al'ada ce mai tushe, kuma a babban gida kakanni da gwaggwanni su ke cike gurbin, yaro ya tashi a hannu goma. Amma yanzu amarya nawa ce ke zaune ita kaɗai a ɗakin haya, ba kaka ba gwaggo? Idan ta riƙe kunyar har a cikin ɗaki, wa zai yi wa yaron fara'a? A ganina, a yi kunya a tsakar gida in ana so, amma in an shiga ɗaki a dubi yaro a ido, a yi masa murmushi, a yi masa magana. Ta biyu, waya. Fuskar mai kallon waya a tsaye take, ba ta amsa kowa, kuma yaron da ke kan cinya ita yake kallo. Wannan ya haɗa da iyaye maza.

Abin da yake yi wa jiki

A nan sai mun yi taka-tsantsan, don ana yawan zuzuta magana. Za ku ji ana cewa murmushi yana maganin hawan jini, yana ƙara tsawon rai, yana kashe ciwo. Bari mu ga abin da aka gwada.

Kowa ya yarda farin ciki ke kawo murmushi. Tambayar masana ita ce, shin murmushi ma yana iya kawo farin ciki? A 1988 wani masani ɗan Jamus, Fritz Strack, da abokan aikinsa suka sa mutane su riƙe biro da haƙora, abin da ke sa baki ya yi kamar ana murmushi, wasu kuma su riƙe da leɓe, abin da ke hana shi. Suka ba su zanen barkwanci. Masu riƙe da haƙora suka ce zanen ya fi ba su dariya. Labarin ya bazu duniya, ya shiga littattafan makaranta. Amma a 2016 cibiyoyin bincike 17 suka sake gwajin da mutum kusan 1,900, ba su sami wannan sakamako ba. Sai a 2022 aka fito da wani babban aiki da ya haɗa mutum 3,878 daga ƙasashe 19. Aka ga cewa waɗanda suka kwaikwayi hoton mai murmushi, ko suka ja gefen bakinsu sama da kansu, sun ɗan ƙara jin daɗi. Dabarar biro kuwa ba ta nuna wani abin kirki ba. Abin da za mu riƙe shi ne: tasirin yana nan, amma kaɗan ne. Yana iya ɗan sassauta rai, ba ya ɗauke baƙin ciki.

Sai batun zuciya. Idan mutum ya firgita ko ransa ya ɓaci, jiki yakan saki sinadarai irin su adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, numfashi ya yi sauri. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa, kuma yana da amfani in kare ya biyo ka. Illar tana zuwa ne in jiki ya daɗe a haka bai sauko ba. A 2012, a Jami'ar Kansas ta Amurka, Tara Kraft da Sarah Pressman suka sa ɗalibai kimanin 170 ayyuka masu takura: tsoma hannu a ruwan ƙanƙara, da bin zanen tauraro da hannun da ba su saba ba suna kallo ta madubi. Waɗanda fuskarsu ke cikin yanayin murmushi, bugun zuciyarsu ya fi sauka bayan an gama. Daga baya Pressman ta yi wani gwaji da mutum 231 da aka yi wa allura. Masu murmushin da ya kai ga ido sun ce zafin da suka ji ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100 in an kwatanta da masu tsayayyar fuska. Waɗanda suka yamutsa fuska ma sun sami sauƙi kusan haka, sai dai masu murmushin ne bugun zuciyarsu ya fi kwanciya.

Maganar tsawon rai ta samo asali ne daga wani bincike na 2010, inda aka duba hotunan 'yan wasan Amurka 230 da aka ɗauka a 1952. Aka ce masu faffaɗan murmushi sun kai kusan shekara 80 a matsakaici, marasa murmushi kusan 73. Da wasu masana suka sake aikin da hotuna masu yawa a 2018, ba su ga wannan bambanci ba. Don haka kada mu ɗora gini a kansa.

Ku ji wannan da kyau: mai hawan jini ko ciwon sukari ya ci gaba da shan maganinsa, ya rage gishiri ko zaƙi yadda likita ya ce, ya riƙa zuwa awo. Fara'a tana taimaka wa jiki ya huce, amma ba ta zama a madadin ƙwaya ko ɗaya.

Don wa ake murmushi?

A 1979 masana biyu daga Jami'ar Cornell suka je gidan wani wasa da ake gara ƙwallo mai nauyi don a ture sanduna goma da aka jera. Suka zauna suna lura. Mai wasa in ya ture sandunan duka, yana fuskantarsu shi kaɗai, ba kasafai yake murmushi ba. Sai ya juyo ya haɗa ido da abokansa fuskar ke sakewa, wani lokaci ko da bai ci ba. Murmushi saƙo ne, kuma saƙo sai da wanda za a aika wa. Yana cewa: na gan ka, ba ni da sharri gare ka, ƙaraso.

Ta nan ne babban amfaninsa ga lafiya ke shigowa, ta hanyar mutane. A 2010 Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta suka tattara bincike 148 da suka shafi mutum fiye da 300,000. Suka ga cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da dangi da abokai sun fi waɗanda ke keɓe damar ci gaba da rayuwa, cikin shekarun da aka bi su, da kimanin kashi 50 cikin 100. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mai jama'a yana da wanda zai lura ya rame, wanda zai ɗauke shi a babur zuwa asibiti da tsakar dare, wanda zai ranta masa kuɗin magani, wanda zai zauna ya saurare shi. Muna cewa zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ƙafa ba ta komawa gidan da aka tarbe ta da fuskar shanu.

Addini ya daɗe da sanya wannan a sahun ayyukan lada. Tirmizi ya rawaito daga Abu Zarri cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa yi wa ɗan'uwa murmushi a cikin sadaka. Sahabi Jarir ɗan Abdullahi kuma ya ba da labarin cewa tun da ya musulunta, Annabi bai taɓa ganinsa ba face ya yi masa murmushi. A wajen 'yan'uwa Kirista, Littafin Karin Magana ya kwatanta zuciya mai murna da magani. Al'ada ma ta yi nata tanadin: wasan jika da kaka, wasan taubasai, wasan Fulani da Barebari, na Kanawa da Zage-zagi. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba, da sun ji asalin juna sai tsokana ta tashi, fuska ta sake, ciniki ko tafiya ta yi daɗi. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan wasa na Jamhuriyar Nijar cikin kayan gadon ɗan Adam, saboda yadda yake kashe husuma tsakanin ƙabilu.

A kasuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Mata biyu na suyar ƙosai a layi ɗaya, waken ɗaya, man ɗaya, amma layin ɗaya ya fi tsawo. Ɗan kasuwar da ya iya cewa "albarka" da sakin fuska, mai saye yakan ƙara tayi. Wanda ya faɗe ta a murtuke, sai a wuce shago na gaba. A asibiti abin ya fi nauyi. Mai juna biyu da aka daka wa tsawa ranar awon farko tana iya ƙin komawa, ta haihu a gida ba mai taimako. Na san ma'aikaciyar jinya ɗaya kan duba mutum fiye da ƙarfinta tun safe, ita ma tana bukatar mu gaishe ta da fuska mai kyau. Amma wanda ke riƙe da allura ko biro ko hatimi ya sani cewa wanda ke gabansa a tsorace ya zo.

Inuwar giginya

Akwai magidancin da majalisa ba ta daɗi sai da shi. Shi ne mai ba da labari, shi ne mai raha. Amma da ya doso ƙofar gidansa ya yi gyaran murya, sai fuskar ta haɗe. Yara su watse, a rage sautin rediyo, uwargida ta shiga taitayinta. Irinsa ake kira inuwar giginya, na nesa ka sha ka. In ka tambaye shi dalili, zai ce in ka sake wa mace da yara fuska sai su raina ka.

Ban yarda da wannan ba, kuma ina so mu tattauna shi a aji da gaske. Kwarjini daban, tsoro daban. Ku tuna dattijon da kuka fi girmamawa a unguwarku, wanda in ya yi magana ta zauna. Yawanci za ku ga mai sakin fuska ne, kuma shi ya sa ranar da ya ɗaure ta kowa ke shiga hankalinsa. Wanda kullum a ɗaure yake, ba a gane ranar da aka yi masa laifi da ranar da ba a yi ba. Sannan yaron da ke tsoron fuskar ubansa ɓoye masa abubuwa yake yi: ya ɓoye ciwo har ya ci ƙarfinsa, ya ɓoye an kore shi daga makaranta, ya ɓoye wani babba yana lalata da shi ko abokai sun fara ba shi ƙwaya. Uban yakan zama na ƙarshen ji, lokacin da gyara ya yi wuya.

Mata ma akwai nasu. Wata tana da fara'a ga 'ya'yan cikinta, amma ɗan kishiya, ko 'yar riƙo, ko yarinyar da ke mata aiki, ba su taɓa ganin haƙoranta ba. Yara suna gane wannan tun kafin su iya magana, kuma suna girma da shi. Na san talauci da gajiya da bashi suna ɗaure fuskar da ba ta yi niyya ba. Wanda ya yini a rana bai samo cefane ba, ba za a ce ya shigo yana washe baki ba. Abin da ake nema kaɗan ne: minti biyun farko na shigowa gida, a amsa sannu da zuwa, a dubi kowa a fuska, sannan a zauna a faɗi damuwar da baki maimakon a bar iyali suna karanta ta a goshi suna zargin kansu.

Inda ba a tilasta shi

Ba ko'ina murmushi ke da kyau ba. Ba a washe baki a zaman makoki, ko gaban wanda ke ba ka labarin asararsa. Budurwa ko matar aure da ta tsare gida a hanya don kada a ga fuskar zuwa mata da wasa, tana da hujjarta, kada a ce mata mai girman kai. Kuma ba kowane mai murmushi ne masoyi ba. Haƙorin dariya shi ke cizo, ɗan damfara ma da fara'a yake zuwa.

Yaƙen dole yana gajiyar da mai yin sa. A 2011 masana a Jami'ar Jihar Michigan suka bi direbobin bas 78 na tsawon mako biyu. Ranakun da direba ya yini yana yi wa fasinja murmushin da bai kai zuci ba, ransa yakan ƙara ɓaci, ya janye daga aikin. Ranakun da ya fara gyara zuciyar, ya tuno wani abu mai daɗi ko ya yi wa fasinjan uzuri, murmushin yakan zo da kansa kuma ya tashi aiki da sauƙin rai. Masu shago da masu tuƙa Keke Napep da masu aikin ofis sai su riƙe wannan.

Akwai kuma ciwon damuwa. Mai shi yana iya yi wa kowa murmushi alhali ciki ya mutu. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, abin da yake so da ya daina ba shi sha'awa, barci da cin abinci sun rikice, ko yana maganar gara ya mutu, to ciwo ne, kuma yana da magani. Yakan kama maijego ma bayan haihuwa. Kada a ce masa "ka riƙa fara'a mana", kamar laifinsa ne. A zauna da shi, a saurare shi, a raka shi wurin likita.

Lokacin da murmushi ya karkace

Wannan sashe ku haddace shi, don yana iya ceton rai. Idan wani, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari, ya rikice farat ɗaya, ku ce masa ya yi murmushi. In gefe ɗaya na bakin ya tashi, ɗayan ya zube, ku ce ya ɗaga hannu biyu ku ga ko ɗaya zai faɗi, ku sa shi ya faɗi sunansa ku ji ko harshe ya karye. Ko ɗaya daga cikin ukun nan kuka gani, alamar shanyewar ɓarin jiki ce: jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ku duba agogo ku riƙe lokacin da abin ya fara, ku nufi babban asibiti nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko abinci, domin maƙogwaro ma yakan shanye, abin ya wuce huhu. A yi addu'a a cikin mota. Maganin narkar da gudan jini, inda ake da shi, cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi.

Akwai wata shanyewar fuska mai sauƙi, wadda jijiyar fuska kaɗai ke kumbura. Mutum ya tashi da safe ya ga bakinsa ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, gira ɗaya ba ta ɗaguwa, amma hannu da ƙafa lafiya lau. Mutane kan ce iska ce ta mare shi. Yawancin masu ita suna warkewa cikin makonni zuwa wata shida, kuma magani ya fi aiki in an fara cikin kwana uku. Idon da ba ya rufuwa yana bukatar kariya kada ya bushe. Amma rarrabe ta da waccan aikin likita ne. Duk bakin da ya karkace, a kai shi asibiti a ranar.

Wasu kuma suna rufe baki da hannu in za su yi dariya saboda haƙora. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cututtukan baki suna damun mutum kusan biliyan 3.5. A goge haƙora sau biyu a rana da man goge baki mai sinadarin fuloraid, musamman kafin barci. Asuwaki ma yana taimakawa tsakanin sallah da sallah. A rage wa yara alewa da lemon kwalba. Goro da taba suna rina haƙori, taba kuma tana kawo ciwon dasashi da sankarar baki.

A ƙarshe, cutar noma, wadda sunanta kawai ya yi kama da noman gona. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani. Tana farawa da kumburin dasashi da jini da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci ta ci nama da ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na yaran suna mutuwa; in an kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin da aka kafa a 1999 musamman don wannan cuta, inda ake yi wa yara aikin gyaran fuska kyauta. A watan Disamba na 2023, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Uwar da ke buɗe bakin ɗanta tana dubawa, ita ce ke fara ganin ta.

Aiki

1. Ku rubuta jimla ɗaya da kowace daga cikin kalmomin nan: murmushi, fara'a, yaƙe, kwarjini.
2. Wace tsoka ce ke bambanta murmushin zuci da yaƙe? Ku tsaya gaban madubi ku gwada duka biyun, ku faɗi abin da kuka gani.
3. Lissafi: an haifi jariri ranar 1 ga Maris. A wace rana zai cika mako 6?
4. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama mara lafiya, ɗaya ya yi masa gwaji ukun nan na shanyewar ɓarin jiki, sannan ya faɗi abin da zai yi da abin da ba zai yi ba.
5. Muhawara: "In ka sake wa iyali fuska za su raina ka." Maza su faɗi abin da suka gani, mata su faɗi nasu, kowa da misali ba tare da kama suna ba.
6. Aikin gida: daga yau zuwa darasi na gaba, ku lura da mutum uku da kuka fi sakar wa fuska, da mutum uku da kuka fi ɗaure wa. Ku rubuta nawa ne daga kowane rukuni kuke kwana gida ɗaya da su.